Ƙwai Biyu da Batir Ɗaya: Yadda Wata Malamar Fiziks Ta Koyi Aiki da Kwamfuta a Aji

Makarantar ta 'yan mata ce, ta gwamnati, ta jeka-ka-dawo, a wani gari na jihar Katsina. Ni ne shugaban sashen kimiyya, kemistiri nake koyarwa, malamar da wannan nazari ya shafa kuwa a sashena take. Ba zan kama sunanta ba. Malama kowa ke ce mata, haka ni ma zan kira ta. Fiziks take koyarwa daga aji huɗu zuwa aji shida, kuma ta san darasinta ciki da bai. In ta tsaya gaban allo, lissafi ba ya ƙwace mata, rubutunta kamar an buga da inji. Sai dai koyarwar duk a bakinta da allinta take: ta faɗa, su rubuta, su haddace. Ɗakin gwajinmu na da amita biyu, wato na'urar auna kwararar lantarki, ɗaya allurarta ta maƙale, batiran kuma sun daɗe da yoyo. Saboda haka gwaji da hannu sai jarrabawar WAEC ta ƙarato ake yin sa, a gurguje.

Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, ita ce ta fara tunanin tura wa 'yan aji shida bayani ta saƙon murya a WhatsApp. Kaɗan ne ya isa gare su. Wayar ta uba ce ko ta yaya, ana fita da ita kasuwa tun safe, in an dawo da dare babu caji ko babu data. Wasu iyayen ma ba su ga dalilin da zai sa a riƙa neman 'yarsu ta waya ba. Darussan rediyo sun fi shiga gidaje. Amma daga nan ne Malama ta sa wa ranta cewa akwai abin da waya da kwamfuta za su iya yi mata, sai dai hanyar ce ba ta gano ba.

Bayan an koma makaranta aka gayyace ta bita ta kwana 3 a wani otal a babban birnin jiha. Malamai ne cike da zaure, na Turanci da na addini da na noma da na lissafi, duk darasi ɗaya ake yi musu: yadda ake buɗe imel, yadda ake jera rubutu a PowerPoint, yadda ake sa harafi ya shigo yana juyi. Mai koyarwar matashi ne da ya ƙware a kwamfuta, amma bai taɓa tsayawa gaban yara 78 da zafin azahar ba. Ta dawo da takardar shaida, da kuɗin mota, da kwamfutar tafi-da-gidanka da majigi waɗanda aka bai wa makaranta. Kayan suka shiga kabad ɗin Hajiya shugabar makaranta, aka sa kwaɗo. Ban ga laifin Hajiya ba. Ita ta sa hannu a takardar karɓa, kuma ta san in abu ya lalace ita za a tambaya, in kuwa ya shekara a kulle babu mai ce mata uffan. Wannan tsarin ne ke kashe kayan aiki a makarantunmu fiye da ɓarawo.

Ba ciwonmu ba ne mu kaɗai. A 2007 an kai wa yaran wata firamare a Galadima da ke gefen Abuja ƙananan kwamfutoci na shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, wanda Nicholas Negroponte ya kafa a Amurka, aka yi ta yayatawa, amma abin bai bazu a ƙasar ba. Ƙasar Peru ita ta rungumi shirin hannu bibbiyu, ta sayi fiye da 800,000. Da masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka bi makarantu 319 na karkara bayan wata 15, sun tarar yara sun saba da na'urar, amma makinsu na lissafi da na harshe bai ƙaru ba. An kawo na'ura, koyarwar kuwa tana nan yadda take.

Abu ɗaya mai albarka da Malama ta samo a bitar shi ne lambobin wayar wasu malaman fiziks su biyar ko shida. Suka buɗe zaure a WhatsApp. Can wani malami daga Funtuwa ya turo mata PhET, wato tarin kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya na kyauta daga Jami'ar Kolorado, wanda Carl Wieman ya assasa a 2002, shekara guda bayan ya ci kyautar Nobel a fiziks. Abin da ya ja hankalinta shi ne, in ka sauke shi sau ɗaya, yana aiki ko babu intanet. A cikinsu akwai na haɗa da'irar lantarki: ka jawo batir, ka jawo ƙwan fitila, ka haɗa da waya, ƙwan ya kawo haske, ka ga ƙananan ɗigo suna zagayawa cikin wayar. Ta yi sati biyu tana wasa da shi a wayarta bayan ta kwantar da yara. Sannan ta same ni, muka je wurin Hajiya tare, na ce ni zan sa hannu a kan kayan. Aka buɗe kabad.

Ranar darasin farko ina nan. An aro janareta daga mai shagon bakin ƙofa, an rufe tagogi da tabarmi da wani tsohon labule, an haska farin bango tunda allo baƙi ne. Da ƙwan ya kama a jikin bango sai ajin ya ɗauki "laaa!" gaba ɗaya. Malama ta haɗa ƙwai biyu a jere, abin da littafi ke kira siris, ta nuna. Ta warware ta haɗa su kowa da hanyarsa, wato faralel, ta nuna. Ta yi bayani da Turanci, ta maimaita da Hausa. Ba a ji tarin kowa ba. Muka fito muna murna, har Hajiya ta leƙo ta yi mata addu'a.

Bayan mako guda ta ba su gwaji. A ciki akwai tambaya mai sauƙi: ƙwai biyu iri ɗaya an haɗa su a jere da batir ɗaya, wanne zai fi haske? Mafi yawansu suka rubuta cewa wanda ya fi kusa da batir. Amsar da suke bayarwa ke nan tun kafin majigi ya zo. Ta shigo ɗakin malamai da takardun a hannu, ta ajiye su gabana.

"Baba Malam, sun fa gani da idonsu. Ni kaina na nuna musu hasken ɗaya ne. Ba cewa ake gani ya kori ji ba?"

Na ce, "Malama, sun gani. Amma wa ya yi tunanin a ranar, ke ko su?"

Ba ta ji daɗin maganar ba, na ga haka a fuskarta. Washegari ta dawo ta ce in shigo darasinta na gaba in zauna a baya, ba a matsayin mai duba aiki ba, in rubuta mata abin da na gani kawai. Na san irin wannan daga abokaina malaman firamare da suka samu horon shirin SMASE na inganta koyar da lissafi da kimiyya, wanda hukumar JICA ta Japan ta tallafa tun daga 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato: a tsara darasi, a koyar, wani ya kalla, a zauna a gyara, a sake. Na shiga da farar takarda da agogo. Abu biyu na riƙa lura da su: wa ke magana, kuma wace tambaya aka yi. A darasin minti 40, bakinta ne ya cinye kusan duka. Tambaya sau biyu ta yi, duka biyun "Kun gane?" ne, amsar kuma "E, Malama." Kwamfutar na hannunta tun daga farko har ƙarshe. Majigin ya zama allo mai launi, ɗaliban kuwa 'yan kallo.

A nan ne, a ganina, horon Malama na gaskiya ya fara, kuma bai shafi iya danna maɓalli ba. Ta riga ta iya wannan. Abin da ya rage shi ne ta san inda tunanin yaran ya karkace, ta sa na'urar ta daki wurin. Muka zauna bayan la'asar muka sake tsara darasin ƙwan nan. Ƙa'ida ɗaya muka kafa: ba za a kunna komai ba sai kowace yarinya ta rubuta hasashenta da dalilinta a takarda.

Ta zana da'irar a allo da alli. Ta ce kowa ta rubuta wanne zai fi haske. Ta sa aka ɗaga hannu, aka ƙirga, ta rubuta adadin a gefen allo ba tare da ta ce wannan daidai ne ko kuskure ba. Sannan ta ce wadda ta zaɓi na kusa da batir ta tashi ta kare ra'ayinta. Aka yi shiru mai tsawo, na ga Malama tana matse alli a hannu don kada ta ba da amsa. Can wata yarinya daga layin baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta miƙe. Mahaifinta noman rani yake yi. Ta ce, "Malama, ai kamar ban-ruwa ne. Fangalin farko shi ke sha ya ƙoshi, na ƙarshe sai ragowa." Ajin ya amsa da "haka ne".

Shekara da shekaru Malama tana koyar da wannan babi, ba ta taɓa jin wannan dalilin ba, domin ba ta taɓa tambaya ba. Yaran ba rashin ƙwaƙwalwa ke damunsu ba. Suna da hoto mai ma'ana a kansu, wanda suka ɗauko daga gona, kuma muddin ba a taɓa hoton ba, duk abin da aka haska a bango zai wuce ta samansa.

Ta kira yarinyar gaba, ta miƙa mata kwamfutar. Hannunta na rawa ta haɗa da'irar. Ƙwan biyu suka kama, haske ɗaya. Malama ta ce ta jawo amita ta auna kwararar lantarki kafin ƙwan farko, ta auna tsakanin biyun, ta auna bayan na biyu. Lamba ɗaya ce ta fito sau uku. Yarinyar ta juyo ta ce, "To ina abin da na farkon ya sha?" Wannan tambayar ita ce darasin. Daga nan Malama ta kawo misalin sarƙar keke: in ka taka feda, sarƙar duka ke motsi lokaci guda, babu gaɓar da ke ɓacewa a hanya, abin da ke ƙarewa ƙarfin ƙafarka ne. Haka ƙwan fitila, makamashi yake ci, kwararar kuwa yadda ta shiga haka take fita. In batirin na bolt 3 ne, ƙwai biyu iri ɗaya a jere kowanne zai samu 1.5, shi ya sa duka biyun suka fi ƙwai ɗaya dushewa. In aka ba kowa hanyarsa, kowanne zai samu bolt 3 cif, haske ya cika, amma batir ya fi saurin mutuwa. Ta rufe da tambayar da za su tafi da ita gida: me ya sa in ƙwan zaure ya ƙone, na tsakar gida ba ya mutuwa? Washegari tun kafin ta ajiye jaka suke rige-rigen ba ta amsa.

Ba duk darasi ne ya tafi haka ba. Akwai ranar da janareta ya ƙi tashi aka ci rabin lokaci ana jan igiya. Akwai ranar da gardama ta yi tsawo har aka kaɗa ƙararrawa ba a kai ga kunna kwamfuta ba. Kuma irin wannan koyarwa tana cin lokaci, alhali manhajar karatu doguwa ce, jarrabawa ba ta jira. Malama ta yanke cewa ba kowane babi ne ke buƙatar na'ura ba. Ta ware wuraren da ido ba ya iya gani, kamar kwararar lantarki, da tafiyar igiyar sauti, da lanƙwasar haske in ya shiga ruwa. Sauran ta bar wa alli. Na ɗauki wannan shawara a matsayin babbar alamar ƙwarewa, fiye da kowace takardar shaida.

Ta kuma gano wani haɗari da kanta. A cikin kwamfuta waya ba ta tsatsa, batir ba ya sanyi, mahaɗi ba ya kwancewa. A zauren jarrabawar gwaji ta WAEC kuwa kayan gaske za a ajiye wa yarinya. Saboda haka ta sayo ƙwayayen tocila da batira da guntayen waya da kuɗinta, duk abin da aka haɗa a kwamfuta sai an sake haɗa shi a kan benci. In ya ƙi kamawa, sai a nemi dalili, wannan ma karatu ne.

Sai ga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Mai shago ya ce janareta sai dai mu zuba namu, makaranta kuma ba ta da wannan kuɗin. Na zaci aikin ya tsaya. Malama ta mayar da majigi kabad, ta riƙa kai kwamfutar wurin mai cajin sola da yamma. Ta tura gwaje-gwajen cikin wayata da ta malamin lissafi da tata ta Xender, ba tare da kashe data ba. Ta raba ajin rukuni-rukuni: wasu a kan kwamfuta, wasu a kan wayoyi uku, wasu a kan benci da batir na gaske, wasu na warware lissafi, bayan 'yan mintuna a juya. Hayaniya ta ƙaru, har malamin ajin da ke maƙwabtaka ya kawo ƙara. Amma yanzu hannun kowace yarinya yana taɓa abin, wanda a zamanin majigi sai mutum ɗaya ko biyu. Rashin fetur ya tura ta inda ni da ita ba mu yi tunanin zuwa ba.

Wani ɓangaren da ta ɗora wa kanta, ko da yake ba fiziks ba ne, shi ne shirya 'yan aji shida wa jarrabawar JAMB. Hukumar ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda gaba ɗaya. WAEC ma ta fara tata ta kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024. Da yawa daga 'yan matanmu ranar jarrabawa ce ranar farko da za su zauna gaban kwamfuta, tsoro kaɗai ya isa ya cinye musu lokaci. A 2017 JAMB ta sauƙaƙa yadda za a iya amsawa da maɓallai 8 kacal: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki, R don fasawa. Malama ta yanka kwalaye ta zana allon maɓallan a kai, kowane benci da nasa, tana karanto tambaya suna dannawa. Ya tuna mini da malamin nan na Ghana, Richard Appiah Akoto, wanda hotonsa ya zagaya duniya a 2018 yana zana fuskar Microsoft Word da alli mai launi saboda makarantarsu ba ta da kwamfuta. Bambancin shi ne mu muna da guda ɗaya, don haka bayan kwali kowace yarinya tana samun 'yan mintuna a kan ta gaske kafin ranar.

Dole in faɗi abin da wannan ya ci mata. Datar da take sauke kayan aiki daga albashinta take fita, kuma a farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Daren da ya kamata ta huta, bayan girki da hidimar yara, shi take tsara darasi. A takardar ƙarin girma babu gurbin da za a rubuta wannan. Takardar bitar otal ce ke cikin fayil ɗinta, ita ake lissafawa, alhali ita ce mafi ƙarancin amfani a duk abin da na ba da labari. Wannan yana ci mini rai. Kuɗi na shigowa harkar, misali shirin AGILE na Bankin Duniya don ilimin 'yan mata da aka amince da shi a 2020 kan dala miliyan 500, wanda Katsina na cikin jihohi 7 na farko, kuma koyar da 'yan mata ilimin na'ura na cikin ayyukansa. Abin da nake roƙon duk mai riƙe da irin wannan kuɗi shi ne ya ware kaso don abin da ke biyo bayan bita: a tara malamai bisa darasinsu, a ba su data, a rage wa wani gogaggen malami nauyin aji don ya samu shiga ajin ɗan'uwansa. Ba baƙon abu ba ne a jiharmu. Shirin TDP na horar da malamai da Birtaniya ta tallafa daga 2013 a Jigawa da Katsina da Zamfara ya bai wa malaman firamare wayoyi ɗauke da bidiyon darussa, ya haɗa da tarukan gungu inda malamai ke haɗuwa su tattauna abin da suka gwada. Malaman sakandare na kimiyya suna buƙatar irinsa.

A zangon da muke ciki an turo mana ɗan bautar ƙasa mai koyar da lissafi. Ya fi mu duka sanin kwamfuta, ya zo da GeoGebra, wata manhajar lissafi, a wayarsa, yana zana lanƙwasar jadawali cikin ƙiftawar ido, yara na ta mamaki. Makon jiya na wuce ta tagar ajinsa na hango Malama zaune a bencin baya da farar takarda da agogo. Da suka fito na ji tana ce masa, "Ƙanena, abin ya yi kyau. Gobe kafin ka danna, ka ce su zana yadda suke zaton layin zai tafi."

Ita ma ta ce in shigo nata ranar Alhamis. Babin igiyar sauti ne, kuma ta lura 'yan aji biyar na zaton iskar da ta fito daga bakin mai magana ita ce ke tafiya har kunnen mai sauraro. Ta nemi Hajiya ta ara mata doguwar igiyar da ake ɗaure tutar makaranta, za a fara da ita a tsakar fili kafin a buɗe kwamfuta.